Baka

baka (suna, namiji, jam'i: bakunkuna). Makamin harbi na itace mai lanƙwasa, an ɗaure bakinsa biyu da tsirkiya. A ɗana kibiya, a ja, a saki. Abokin tafiyarsa kwari, gidan kibau. Misali: *Maharbi ya rataya kwari, ya ɗauki baka.*

A ƙauyukan yammacin Amurka har yau ana farautar barewa da shi, kuma jihohi irin su Montana kan ware wa masu baka lokacinsu kafin na masu bindiga. Wannan farauta ta farfaɗo ne bayan 1911, da likita Saxton Pope ya koye ta wurin Ishi, ɗan ƙabilar Yahi a Kalifoniya. Bakan zamani mai ƙafafun juyi, wanda Holless Allen ya yi wa rajista a 1969, yana sauƙaƙa riƙon tsirkiya bayan an ja, amma dole maharbi ya matso kusa da dabba.