Tarihin Kalmar "Rheumatism" da Matsalar Fassara Ta a Manhajar Hausa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin kalmomin kiwon lafiya da ke ba masu tsara manhaja wahala wajen samar da takwarorinsu a Hausa akwai "rheumatism". Wannan maƙala za ta bi diddigin kalmar domin nuna cewa tushen wahalar yana cikin tarihinta, kasancewar ba a taɓa tsayar da ita a kan cuta guda ɗaya ba.

2.0 Asalin Kalmar

Kalmar ta samo asali ne daga "rheuma" ta harshen Girkanci, wadda ke nufin abin da ke kwarara, kamar ruwan rafi. Likitocin Girka na dā, tun daga Hippocrates har zuwa Galen, wanda Larabawa ke kira Jalinusu, sun ɗauka cewa jikin ɗan Adam na ɗauke da ruwaye huɗu: jini da majina da ruwan matsarmama iri biyu, rawaya da baƙi. A ganinsu, idan wani ruwa ya yi yawa, sai ya gangaro daga kai ya taru a wata gaɓa, ya haddasa kumburi da raɗaɗi. Daga wannan saiwa ce Ingilishi ya sami "catarrh" da "diarrhoea", wato mura da gudawa, waɗanda duka kwarara ce. Ke nan, tun farko sunan bayani ne na yadda aka zaci ciwon ke faruwa.

3.0 Sauye-sauyen Ma'ana

Likitan Faransa Guillaume de Baillou, wanda ya rasu a 1616, shi ne ya keɓe kalmar ga ciwon da ke yawo daga gaɓa zuwa gaɓa tare da zazzaɓi, a wani littafinsa da aka buga a 1642, bayan rasuwarsa. A 1859 kuma likitan Ingila Alfred Garrod ya ƙirƙiro sunan "rheumatoid arthritis" domin ware wata cutar gaɓoɓi mai daɗewa daga sauran. Haka aka ci gaba da zare cututtuka ɗaya bayan ɗaya daga ƙarƙashin tsohon sunan, har adadinsu ya haura 100. A yau likitoci ba sa ɗaukar "rheumatism" a matsayin sunan cuta takamaimai. Ta rage a bakin jama'a da ma'anar duk wani ciwon gaɓoɓi ko tsoka, ta kuma rage a sunan fannin likitancin da ke kula da waɗannan cututtuka.

4.0 Kalmar a Hausa

Bahaushe na cewa "sanyin ƙashi" ko "amosani". Na farkon ya yi kama da tunanin Girkawa, domin shi ma ya ɗora alhakin ciwon a kan wani abu da ya shiga jiki ya kwanta. Sai dai kowanne na da nasa ruɗani. "Ciwon sanyi" a bakin mutane da yawa na nufin cutar da ake ɗauka ta hanyar jima'i, "amosanin jini" kuwa sikila ce.

Haɗarin ya fi bayyana a kan zazzaɓin gaɓoɓi da ke kama yara, galibi 'yan shekara 5 zuwa 15, makonni biyu zuwa uku bayan ciwon maƙogwaro na ƙwayoyin bakteriya. Ciwon gaɓoɓin kan lafa, amma cutar na iya lalata ƙofofin zuciya har ƙarshen rayuwa, alhali maganin fenisilin da aka bayar a kan lokaci na iya hana ta. Idan littafin makaranta ya kira wannan "sanyin ƙashi" kawai, iyaye za su tsaya ga gashi da man shafawa, su makara wajen zuwa asibiti.

5.0 Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, ana ba da shawarar a bar "sanyin ƙashi" a matsayin suna na gama-gari, daidai da matsayin da kalmar Ingilishin take da shi yanzu. Kowace cuta kuma a ba ta sunan da zai bayyana ta, bayan tuntuɓar likitoci masu jin Hausa. Ya kamata malami ya nuna wa ɗalibai cewa ciwon gwiwar tsoho daban yake da na yaron da ya yi fama da maƙogwaro, ko da kuwa a gida suna ɗaya ake kiran su da shi.