Lissafin Maki da Makomar Ɗalibin Bayokemistiri a Aji Ɗaya

Ɗalibin da ya fito daga Ikara ko Makarfi ko Kudan ya samu gurbin karatun Bayokemistiri, wato ilimin sinadaran da ke tafiyar da jikin mai rai, galibi Samaru yake nufa, Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, ko kuma Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004. Tun daga gida gargaɗi ɗaya yake sha: kul ka saci amsa. Gargaɗin yana da tushe. Dokar soja ta 1984 ta yanke wa mai maguɗin jarrabawa ɗaurin shekara 21, ta 1999 ta sassauta amma ba ta cire ɗauri ba, jami'a kuma korar mutum take yi. Sai dai ni a ganina, ƙa'idar da ta fi kayar da sabon ɗalibi ba a bakin zauren jarrabawa take ba. A cikin lissafin maki take, inda ba mai yi masa tsawa.

Tsarin ya samo asali ne daga ma'aunin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta shimfiɗa a 1989, wanda ta sabunta a ƙarshen 2022. Kowane kwas yana da nauyinsa, yunit ɗaya ko biyu ko uku. Maki 70 zuwa sama A ne, darajarsa 5. Ana sauka har E, maki 40 zuwa 44, mai daraja 1. Ƙasa da 40 faɗuwa ce, sifili. Ana ninka daraja da nauyin kwas, a tara, a raba da jimillar yunit. Abin da ya fito shi ne CGPA, kuma yana bin ɗalibi har ranar yaye shi.

Nan ne tarbiyyar sakandare ke yaudarar yaro. Ya saba da WAEC da NECO, inda kowane darasi yake tsaye da ƙafarsa, kuma ana karɓar sakamakon zama biyu: ya faɗi Kemistiri bana, ya gyara baɗi, tsohon sakamako ya shiga akwati. A yawancin jami'o'inmu ba haka ba ne. A ɗauki kwas mai yunit 3 da ɗalibi ya faɗi, ya zama abin da suke kira keri-oba. Ya sake shi baɗi ya ci B, mai daraja 4, ya samu 12. Amma da 6 za a raba, ba da 3 ba, domin zaman farko yana nan a rubuce. Sakamako 2 ke nan, daidai da wanda ya ci D tun farko. Kwas uku irin wannan sun isa su sa digiri mai daraja ta ɗaya, da ke farawa daga 4.50, ya yi masa nisa tun bai san hanyar ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ba. Wanda CGPA ɗinsa ya gaza 1.00 kuwa sai a ba shi shekarar gwaji, in bai farfaɗo ba a sallame shi daga fannin.

Abin mamaki, ɗan aji ɗaya da ƙyar yake taɓa Bayokemistirin kansa. Kemistiri yake yi da Bayoloji da Fiziks da Lissafi da darussan gama-gari, cikin manyan zauruka tare da ɗaliban wasu sassa. Wanda ya raina Lissafi don wai shi sinadarai ya zo karantawa, a nan yake tuntuɓe.

Sai ƙa'idoji biyu da ke tafiya tare: halartar kashi 75 cikin ɗari na darasi kafin a shiga jarrabawa, da makin gwaje-gwajen tsakiyar zango, wanda kan kai kashi 30 zuwa 40. Kusanci da gida yana da illarsa a nan. Ɗan Hunƙuyi da ke Kudan yana ganin Samaru nan kusa ce, sai a kira shi ɗaurin aure ko girbin rake ya tafi ranar Alhamis, ya dawo Litinin ya tarar an yi gwajin ba-zata. Aikin ɗakin gwaje-gwaje ya fi tsanani, domin a kan rahoton kowane mako ake ba da maki. Yaron da bai taɓa riƙe bututun awo da hannunsa a sakandare ba, yana lura da ɗigon da zai sauya launin ruwa, zai ɓata makonnin farko yana koyon abin da wasu suka zo da shi.

Ƙa'idojin ba su da laifi, kuma ban ga dalilin sassauta su ba: wanda zai riƙa auna jinin marasa lafiya gobe bai kamata a yi masa rangwame ba. Gazawar tana wajen sanarwa. Ana miƙa wa ɗalibi littafin dokoki ranar rajista, shi ke nan. Ya kamata malaman kimiyya na makarantun Ikara da Makarfi da Kudan, da ƙungiyoyin ɗaliban waɗannan ƙananan hukumomi, su zaunar da duk wanda ya samu gurbi su yi masa wannan lissafi a kan allo kafin ya hau motar Zariya.