Boys Town: Gidan Katolika na Renon Yaran da Ake Kira Kangararru

Boys Town ƙaramin gari ne a jihar Nebraska ta ƙasar Amurka, yamma da birnin Omaha. A nan ake zaunar da yara masu matsalar hali da damuwar zuciya, ana kula da su dare da rana. Ma'anar sunan ita ce garin yara maza, ko da yake tun 1979 ana karɓar 'yan mata. Wani limamin Katolika, Fada Edward Flanagan, shi ne ya kafa shi a 1917. Tarihinsa yana nuna abin da ke taimakon yaron da aka raba da gidansu, da kuma abin da ke cutar da shi ko da masu riƙonsa suna aiki da sunan Allah.

Waɗanne yara ne ake nufi

Irin wannan gida ya bambanta da gidan marayu, domin da yawa cikin yaran iyayensu suna da rai. Abin da ya kai su shi ne halin da ya fi ƙarfin gida da makaranta, kamar fushi mai tsanani, faɗa, sata, gudu daga gida, ƙin zuwa aji ko shaye-shaye. Wasu kuma ba sa damun kowa, ciwonsu a ciki yake: baƙin ciki mai nauyi, firgita, ko tunanin kashe kai. Sau da yawa idan aka bi sawu, sai a tarar yaron ya sha duka, ko an ci zarafinsa, ko an yi watsi da shi tun yana ƙarami. Kotun yara, ofishin jin daɗin jama'a ko iyaye da kansu ne ke kawo su.

Wanda ya kafa gidan

An haifi Edward Flanagan a ƙasar Ailan a 1886. Ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1904, aka naɗa shi limami a birnin Innsbruck na Ostiriya a 1912, sannan aka tura shi aiki a Nebraska. A Omaha ya fara buɗe masauki domin maza marasa wurin kwana. Da yake sauraron labaransu, sai ya lura cewa yawancinsu tun suna yara rayuwa ta karkace musu, ba su sami mai tallafa musu ba. Wannan ya sa ya juya ga yara, tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ranar 12 ga Disamba 1917 ya kama hayar wani gida a Omaha da rancen dala 90, ya fara da yara biyar, wasunsu kotu ce ta danƙa masa. Ba da daɗewa ba gidan ya yi musu kaɗan. A 1921 ya sayi wata gona mai suna Overlook a bayan gari, suka koma can, kuma a 1936 hukumar jihar ta amince da wurin a matsayin gari mai zaman kansa.

Ra'ayin Flanagan shi ne babu yaron da aka haifa mugu. Muhalli, mummunan misali da rashin tarbiyya ne ke ɓata shi. Saboda haka ya ƙi gina wurin kamar kurkuku. Ya kafa makaranta da koyon sana'a, ya bar yaran suna zaɓen magajin garinsu daga cikinsu. Ya kuma karɓi baƙar fata da farar fata, Katolika da waɗanda ba Katolika ba, a zamanin da wariyar launin fata ke da ƙarfi a Amurka, abin da ya jawo masa adawa. Fim ɗin da aka yi a kan gidan a 1938, wanda Spencer Tracy ya fito a matsayin Flanagan, ya yaɗa sunan wurin a duniya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Amurka ta aike shi Japan da Koriya a 1947 domin ya ba da shawara kan marayun yaƙi. A irin wannan tafiya ya rasu a birnin Berlin ranar 15 ga Mayu 1948.

Gargaɗin da ba a saurara ba

Shekara biyu kafin rasuwarsa, Flanagan ya ziyarci ƙasar haihuwarsa. A Ailan a lokacin akwai manyan makarantun horon yara waɗanda ƙungiyoyin Katolika ke gudanarwa da kuɗin gwamnati. Abin da ya gani ya tayar masa da hankali, har ya soki dukan da ake yi wa yara a bainar jama'a, ya ce abin kunya ne ga ƙasar. Ministan shari'a ya yi watsi da maganarsa a majalisa, aka ci gaba kamar dā.

Sai a 2009, bayan fiye da shekara sittin, hukumar bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Sean Ryan ta fitar da rahotonta. Ta tabbatar da cewa duka, yunwa da tsoratarwa sun zama ruwan dare a waɗannan gidaje, kuma lalata da yara ta yi katutu a gidajen maza. Ta kuma gano cewa jami'an gwamnati da ya kamata su sa ido sun riƙa jin nauyin shugabannin addini, suka kawar da kai. Ikilisiya ɗaya ce ta haifi Boys Town da waɗannan makarantu. Abin da ya raba su shi ne yadda aka ɗauki yaro, da kuma ko akwai wanda ke da ikon tambayar masu riƙonsa.

Binciken 1972 da sauyin da ya biyo baya

Boys Town ma ya ga tasa jarrabawar. A 1972 wata jaridar Omaha mai suna Sun ta bincika asusun gidan, ta gano cewa ya tara dukiya sama da dala miliyan 200, alhali wasiƙun neman taimako suna ci gaba da fita kamar ana cikin ƙunci. Binciken ya sami lambar yabo ta Pulitzer a 1973. Tambayar da ta taso ita ce me ya sa wannan kuɗi bai koma kan yaran ba, ga shi har lokacin suna kwana a manyan ɗakuna, ma'aikata suna karɓa-karɓa.

A 1973 Fada Robert Hupp ya zama shugaba. A zamaninsa aka bar tsarin manyan ɗakunan kwana, aka ɗauko wata hanya da masana halayyar ɗan Adam na Jami'ar Kansas suka gwada tun 1967 a wani ƙaramin gida mai suna Achievement Place. A 1977 aka buɗe asibitin bincike na gidan, a 1989 kuma aka kafa layin waya wanda yaro ko mahaifi cikin damuwa zai iya kira kowane lokaci.

Yadda tsarin iyali ke aiki

A sabon tsarin, yara shida zuwa takwas ne ke zama a gida ɗaya tare da ma'aurata da aka horar, waɗanda nan ne gidansu, wani lokaci har da 'ya'yansu na cikinsu. Akwai mataimaki da ke karɓarsu idan suna hutu. Tare ake girki, ana cin abinci a tebur ɗaya, yara suna zuwa makaranta da safe, kowa kuma yana zuwa sujada bisa ga addininsa.

Tushen aikin shi ne a ɗauki kyakkyawan hali a matsayin abin da ake koyarwa dalla-dalla, kamar karatu. Misali, bin umarni yana da matakai: ka dubi mai magana, ka amsa, ka yi aikin nan take, ka dawo ka ba da rahoto. Haka ake koyar da yadda yaro zai karɓi "a'a" ba tare da tayar da rigima ba, da yadda zai saurari gyara. Kowane yaro yana da kati da ake rubuta maki a kai. Yana samun maki idan ya yi daidai, yana rasawa idan ya kauce, kuma da makin yake samun ƙarin dama kamar fita ko kallon talabijin. Idan ya rasa, ana ba shi zarafin maimaita abin daidai ya maido da wani kaso. An hana duka. Ana horar da ma'aikata su yabi yaro sau da dama fiye da yadda suke tsawata masa. Akwai kuma taron iyali inda yaran ke faɗin ra'ayinsu kan dokokin gida.

Burin shi ne yaro ya koma gidansu idan hakan ba zai jefa shi cikin haɗari ba. Shi ya sa ake koyar da iyaye irin waɗannan dabaru, domin yaron da ya gyaru ya koma gidan da bai canja ba yana iya komawa gidan jiya.

Inda muhawara take a yau

Ba kowa ya yarda cewa zaunar da yara a cibiya, ko mai kyau ce, shi ne mafita ba. Ƙa'idojin da Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi maraba da su a 2009 sun ce kada a raba yaro da iyalinsa sai ya zama dole, talauci kaɗai bai isa dalili ba, kuma yara 'yan ƙasa da shekara uku a riƙe su cikin iyali. Idan za a yi cibiya, ta zama ƙarama mai kama da gida. A Amurka wata dokar tarayya ta 2018 ta karkata kuɗin gwamnati zuwa taimakon iyalai tun kafin a kai ga raba su. Masu kare gidaje irin Boys Town suna amsawa cewa akwai yaran da aka yi ta sauya musu gidan riƙo ba a dace ba, kuma irinsu suna bukatar wurin da horarrun mutane ke tare da su kullum. Shi kansa Boys Town yanzu yawancin yaran da yake taimaka wa suna zaune ne a gidajensu, ma'aikata ke zuwa wurinsu.

Tambayoyi ga mai son tallafa wa irin wannan gida

Duk ikilisiya ko mutumin da aka nemi gudunmawarsa ga gidan renon yara, akwai abubuwan da wannan tarihi ya koya masa ya tambaya. Yara nawa ne ke hannun mutum ɗaya, kuma wane horo aka ba shi? Da me ake hukunta yaro? Wa yaro zai kai wa ƙara idan mai riƙonsa ne ya cuce shi? Wa ke bincika asusun daga waje? Kuma wane shiri aka yi na mayar da yaron ga danginsa? Gidan da ke aiki tsakani da Allah ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba.