Daga Cokalin Katako Zuwa 2:1: Asalin Darajojin Digiri

A watan Yuni na 1890, jama'a sun cika zauren majalisar Jami'ar Cambridge da ke Ingila domin jin sakamakon jarrabawar lissafi. Bisa al'ada aka fara karanta sunayen maza, daga na ɗaya har na ƙarshe, sannan aka juya kan mata, waɗanda aka ba su izinin rubuta jarrabawar amma ba a ba su digiri. Abin da ake yi wa mace shi ne a faɗi inda da ta faɗo a jerin maza. Da aka zo kan Philippa Fawcett ta kwalejin Newnham, sai mai shela ya ce matsayinta yana sama da na ɗaya. Zauren ya kaure da sowa, jaridu suka ɗauki labarin. Duk da haka, G. T. Bennett ne ya riƙe kambun wannan shekara, domin dokar jami'a ba ta san da ita ba.

Jerin nan da Fawcett ta hau kansa yana cikin kakannin abin da ɗalibin Zariya ko na Sakkwato ke kwana yana lissafi a kai yau, wato daraja ta ɗaya, da 2:1, da 2:2, da daraja ta uku.

A tsofaffin jami'o'in Turai, ana gwada ɗalibi da muƙabala ta baki cikin harshen Latin: ya kare wata mas'ala, wasu su yi ta kawo masa suka. Daga nan Cambridge ta samo sunayenta. Jarrabawar kanta ana ce mata Tripos, daga kujera mai ƙafa uku da ake zama a kanta wajen muƙabalar, gwanayen ɗalibai kuwa Wrangler, ma'ana mai gardama. Tun daga 1748 aka fara buga sunaye bi da bi gwargwadon ƙwazo, kuma daga 1753 aka raba masu daraja kashi uku. Oxford ta yi nata gyaran da dokar jarrabawa ta 1800, ta kuma raba ɗalibai aji-aji daga 1807.

Abin da ya biyo baya a Cambridge tsere ne irin na dawakai. A tsakiyar ƙarni na 19 jarrabawar tana cin kwana takwas, a watan Janairu, cikin zaure mai tsananin sanyi. Wanda ya zo na ɗaya, wato Babban Wrangler, sunansa kan fito a jaridun Landan, kuma ƙofar aikin jami'a ko lauya ko coci a buɗe take gare shi. Tun da riba ta kai haka, sai sana'ar horar da ɗalibai ta bunƙasa a wajen aji. Mafi shahara a cikinta shi ne Edward Routh, wanda daga 1862 zuwa 1882 duk wanda ya zo na ɗaya ɗalibinsa ne. Koyarwarsa ta tsaya ne kan saurin warware tambaya kafin agogo ya buga.

Shi kansa Routh ya zo na ɗaya a 1854, kuma wanda ya biyo shi shi ne James Clerk Maxwell, mutumin da ya tsara ƙa'idojin lantarki da maganaɗisu da rediyo da wayar salula suka dogara a kansu. A 1845 ma haka aka yi: William Thomson, wanda aka fi sani da Lord Kelvin, na biyu ya zo, a bayan Stephen Parkinson da masana tarihi kaɗai ke tuna shi yanzu. Jarrabawar ba ta yi ƙarya ba. Ta auna abin da aka gina ta ta auna, sauri da juriya da hadda. Zurfin tunani ne ba ta da ma'auninsa.

Can ƙasan jerin akwai wata karramawar ta barkwanci. Wanda ya zo na ƙarshe cikin masu daraja, abokansa kan zuro masa cokalin katako daga bene yayin da yake karɓar digiri. Ba faɗuwa ya yi ba, kutal ne kawai a cikin waɗanda suka ci. Cokalin ya yi ta girma da shekaru, har na ƙarshe, wanda aka ba Cuthbert Holthouse na kwalejin St John's a 1909, ya kai kusan mita ɗaya da rabi, an yi shi da filafilin tuƙin kwalekwale. A wannan shekara aka daina jera sunaye ɗaya bayan ɗaya, bayan matsin lambar masana irin su G. H. Hardy, waɗanda ke ganin tseren ya daƙile lissafi a Ingila. Aka koma ga manyan azuzuwa, sunaye kuma bisa jerin haruffa. Fawcett ta rasu a 1948, makonni kaɗan bayan Cambridge ta amince ta ba mata cikakken digiri.

A 1948 ɗin ne aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda har zuwa 1962 digirin Jami'ar Landan take bayarwa, da azuzuwansa da tsauraran ma'auninsa, inda maki 70 ya riga ya zama ƙololuwa. Chinua Achebe ya fita daga can a 1953 da daraja ta biyu. Nsukka, da aka kafa a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Michigan, ta shigo da tsarin Amurka na tara makin kowane kwas a fitar da matsakaici. Daga baya Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta shimfiɗa wannan tsari ga kowa, amma ba a yar da sunayen Ingila ba. Sai aka wayi gari da gauraye: lissafin na Amurka, laƙabin na Birtaniya. A akasarin jami'o'in Najeriya, 4.50 zuwa 5.00 daraja ta ɗaya ce, 3.50 zuwa 4.49 ita ce 2:1, 2.40 zuwa 3.49 kuwa 2:2.

A nan gyaran 1909 ya haifi matsalarsa. An soke jerin ne don kada bambancin maki ɗaya ya raba makomar mutum biyu, amma iyakar aji tana yin hakan fiye da jerin. Mai 3.49 da mai 3.50 tsawon shekara huɗu ba su da wani bambanci da malami zai iya rantsewa a kai, sai dai tallan aikin banki da ya ce sai mai 2:1 ya riga ya jefa takardar ɗayansu a kwando. Tsakanin mai 3.50 da mai 4.49 kuwa akwai tazara mai yawa, ga shi laƙabinsu ɗaya.

A Ingila damuwar ta koma wani gefen. Waɗanda ke samun daraja ta ɗaya sun tashi daga kusan kashi 16 cikin ɗari a 2011 zuwa fiye da kashi ɗaya cikin uku a 2021, abin da ya sa hukumar da ke sa ido kan jami'o'i ta nemi a yi mata bayani. Tun a 2007 kwamitin Farfesa Robert Burgess ya bayar da rahoton cewa tsarin azuzuwan ya daina biyan buƙatar da aka yi shi dominta, ya kuma ba da shawarar a riƙa ba ɗalibi cikakkiyar takarda mai nuna duk abin da ya yi. Jami'o'i da dama sun karɓi takardar, suka ci gaba da buga 2:1 a jikin digiri.