TARIHIN ƊAUKAR HOTON NEBULA: DAGA FARANTIN GILASHI ZUWA WAYAR DA KE HANNUNKA

Idan kana Batsari ko Safana, ka fito tsakar gida da misalin ƙarfe 10 na dare a watan Janairu ka ɗaga kai. Za ka ga Kaza da 'Ya'yanta, gabas da su kuma akwai taurari uku a jere reras. Kudu da ukun nan kaɗan akwai wani ɗan haske dishi-dishi kamar hayaƙi. Wannan shi ne Nebular Oriyon, wato gajimaren iskar gas da ƙura inda ake haifar sababbin taurari. Hasken da ya shigo idonka ya yi tafiyar shekara sama da 1,300.

Duban sama ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katsina. Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna a lissafi da ilimin taurari. Sai dai a zamaninsa babu kyamara, da ido ake kallo, shi kuwa ido ba ya tara haske, abin da ya gani yanzu shi ke nan. Kyamara ce ta zo da dabarar tarawa, kamar ka ajiye bokiti ƙarƙashin indararo.

Ranar 30 ga Satumba 1880, wani likita a Amurka mai suna Henry Draper ya ɗauki hoton nebula na farko a duniya, kuma wannan ta Oriyon ɗin ce. Minti 51 ya bar idon kyamara a buɗe kan farantin gilashi. A 1883 Andrew Common, wanda sha'awa ce kawai ta sa shi harkar, ya sake ɗaukar ta daga gidansa a Landan, har taurarin da ido ba ya gani ta madubin hangen nesa suka fito. A 1888 kuma Williamina Fleming, wadda ta fara da aikatau kafin ta samu aiki a cibiyar taurari ta Harvard, ta gano Nebular Kan Doki a jikin irin wannan faranti.

Gilashi da fim sun yi zamaninsu har 1969, lokacin da Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro sensar CCD mai maida haske lantarki. Ta ninka fim kama haske nesa ba kusa ba, kuma a 2009 aka ba su kyautar Nobel.

To ina maganar filta? Gas ɗin nebula ba kowane launi yake fitarwa ba. Haidurojin na ba da ja a nanomita 656, oksijin na ba da kore mai ruwan shuɗi a 501, farar wuta kuma ja mai duhu a wajen 672. Sai aka ƙera filta mai ƙunci, kamar rariya, wadda ke barin launi ɗaya tak ya wuce, ta tare mafi yawan hasken fitilun gari da na farin wata. Da irin wannan na'urar Hubble ta ɗauki shahararren hoton ginshiƙan Nebular Mikiya a 1995: aka ba farar wuta ja, haidurojin kore, oksijin shuɗi. Don haka idan ka ga hoton nebula mai ruwan zinare da shuɗi a Facebook, ba ƙarya ba ne, amma launin an raba shi ne da gangan.

Daga nan abin ya sauko hannun 'yan sha'awa. A 2005 Canon ta fitar da EOS 20Da, wadda ke barin jan haidurojin ya shiga fiye da kyamarar yau da kullum. A 2019 Google ta sa wa Pixel 4 tsarin da ke ɗaukar hotuna da yawa cikin minti 4 ya haɗe su wuri guda.

Gaskiyar magana, wayarka ba za ta ba ka hoton Hubble ba, don akwai gilashi a gaban sensarta da ke rage jan nan. Amma kana da abin da mutumin Legas ko Landan ke kashe kuɗi wajen sayen filta saboda rashinsa, wato duhun sama. Ka kafa wayar a kan abu mai ƙarfi, ka shiga sashen Pro, ka sa ISO 1600 da daƙiƙa 10, ka kunna taima don kada hannu ya girgiza ta. Ka zaɓi daren da babu wata kuma hazo ya lafa. Ɗauki kamar 30, ka haɗa su da manhajar Siril a kwamfuta, kyauta ce.

Abu na ƙarshe, don Allah kada neman duhu ya kai ka bayan gari ko hanyar dajin Rugu da dare. Kowa ya san halin da yankin yake ciki. Tsakar gida ta wadatar, ka kashe fitilar sola kawai. Wanda ya gwada ya turo mana hotonsa mu gani. Allah Ya ba mu zaman lafiya.