Katsewar Rezo a Lokacin Sabunta Manhajar Waya: Dalilai da Magani

A gundumomin Tasawa da Mayahi wayar salula ta zama kayan aiki. Da ita ake jin muryar ƴan ci-rani, da ita ake karɓar aike, da ita kuma ake tambayar farashin hatsi da na dabbobi. Amma wata rana waya takan nemi a sabunta manhajarta. Sai a fara, aiki ya yi nisa, rezo ya katse. Mega ta ƙone, aikin bai kammala ba. Wannan shafi yana bayyana abin da ke jawo haka, da matakan da za ku bi.

Mene ne sabunta manhaja?

Manhaja ita ce tsarin umarnin da ke sa waya ta yi aiki. Akwai babbar manhaja wadda ke tafiyar da wayar baki ɗaya, kamar Android. Akwai kuma ƙananan manhajoji masu aiki ɗaya-ɗaya, kamar WhatsApp ko manhajar aika kuɗi. Lokaci-lokaci masu manhaja sukan gyara kurakurai, su toshe kafar da ɓarayi ke bi, sa'an nan su fitar da sabon zubi. Karɓar wannan sabon zubi shi ne sabuntawa. A wayar da ke magana da Faransanci za ku ga an rubuta "Mise à jour".

Wanda ya daɗe bai sabunta ba yana iya wayar gari manhajarsa ta ƙi buɗewa. Tsohon zubin WhatsApp yakan daina aiki idan wa'adinsa ya cika. A watan Oktoba na 2023 ma, WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai lamba 5.0 ba.

Sabuntawa mataki biyu ce, kuma sanin bambancinsu shi ne rabin maganin:

1. Saukewa. Waya tana jawo sabon zubi ta intanet. Wannan mataki yana bukatar rezo da mega. Idan rezo ya katse a nan, babu abin da ya lalace. Tsohuwar manhaja tana nan yadda take.
2. Girkawa. Waya tana ɗora sabon zubi a gurbin tsohon. Wannan mataki batir yake bukata, ba rezo ba. Haɗarin da ke nan shi ne wayar ta mutu ana tsakiyar aiki, musamman idan babbar manhaja ake girkawa.

Hanyar da saƙo ke bi

Layukan da aka sani a yankinmu su ne Airtel, da Moov, da Zamani wanda ya gaji Orange bayan cinikin 2019, da Niger Telecom wanda aka kafa a 2016 bayan haɗe Sonitel da Sahelcom. Kowane layi yana da antenoninsa. Waya tana magana da antena mafi kusa. Daga antena saƙo ya bi wata antena ko igiyar da aka binne a ƙasa, har ya fita daga Nijar. Da yake Nijar ba ta da bakin teku, sai ya ratsa ƙasashen maƙwabta kafin ya kai ga manyan igiyoyin da ke ƙarƙashin teku.

Saboda haka matsala tana iya kasancewa a wuri uku: a cikin wayarku, ko tsakaninku da antena, ko can nesa inda ba ku da iko. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu sun lalace a teku daura da Kodebuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, har da Nijar. A irin wannan rana babu laifin waya, kuma babu magani sai haƙuri.

Wutar lantarki ma tana da hannu. Yankin Maradi da Damagaram yana samun wuta daga Najeriya ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Daga watan Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024 an yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, garuruwa suka sha fama da ɗaukewar wuta. Antena tana da batir, ko injin janareto, ko farantin hasken rana, amma idan waɗannan suka gaza ita ma sai ta yi shiru.

Ku karanta alamar da ke saman waya

Kusa da sandunan rezo akwai harafi ko lamba. Ku koyi karanta su:

- E: rezo mai tafiyar hawainiya. Ya isa kira da gajeren saƙo, bai dace da sabuntawa ba.
- 3G, H ko H+: matsakaici. Yana iya sauke ƙaramar manhaja.
- 4G ko LTE: mai sauri. Shi ya fi dacewa.

Ga misali. Sabon zubi mai nauyin mega 50 yana iya cin rabin awa ko awa guda a kan E. A kan 4G mai kyau, minti ɗaya ko biyu sun isa. Duk yadda saukewa ta daɗe, haka damar katsewa take ƙaruwa.

Ku lura kuma: cikar sanduna ba ita ce saurin intanet ba. Sanduna suna nuna ƙarfin muryar antena ne kawai. Idan mutane sun yi wa antena yawa, sanduna za su cika amma aiki ba ya tafiya, kamar rijiya mai ruwa da guga ya yi mata yawa.

Dalilan da suka fi yawa

*Nisa da antena.* A garin Tasawa, da garin Mayahi, da garuruwan bakin babbar hanyar kwalta ta Maradi zuwa Damagaram, an fi samun rezo mai ƙarfi. Yayin da aka nausa cikin ƙauyuka da rugage, sai ya riƙa raguwa. Kwari yana tare rezo, tudu yana taimaka masa.

*Gini.* Rufin kwano da katangar ƙasa mai kauri suna rage ƙarfin rezo. Abin da ya ƙi sauka a cikin ɗaki yana iya sauka a tsakar gida.

*Cunkoso.* Ranar kasuwa, da bayan magariba, da ranakun salla, mutane da yawa ne a kan antena ɗaya.

*Kira.* Idan aka kira ku ana cikin saukewa, waya takan sauka daga 4G ta koma rezo mai rauni, ko ta tsayar da intanet. A waya mai layi biyu, kiran da ya shigo ta layi ɗaya yakan yanke intanet na ɗayan.

*Tafiya.* A cikin mota ko a kan babur waya tana sauya antena a kai a kai. Kowane sauyi dama ce ta katsewa.

*Kusa da iyaka.* A kudancin Tasawa, wajen Hawandawaki da Korgom, waya tana iya barin rezon Nijar ta kama na Najeriya. A nan intanet yakan tsaya, ko kuma kuɗin kati ya tafi da sauri.

*Ƙarewar forfe.* Mega ta ƙare, ko wa'adin forfe ya cika ana tsakiyar aiki.

*Cikar waya.* Hotuna da bidiyo da saƙonnin murya sun cinye wuri. Waya tana bukatar fili fiye da nauyin abin da take saukewa, domin sai ta warware shi kafin ta girka.

*Kwanan wata ba daidai ba.* Wayar da aka cire wa batir, ko ta daɗe a mace, agogonta yakan koma baya. Idan kwanan wata ya yi nisa da gaskiya, ba za ta iya ƙulla amintacciyar hulɗa da masu manhaja ba, ko da rezo ya cika.

*Zafi.* A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40. Wayar da ta yi zafi takan rage aiki, ta daina karɓar caji, wani lokaci ta kashe kanta.

Shiri kafin a fara

Rigakafi ya fi magani. Kafin ku taɓa maɓallin sabuntawa:

1. Ku tabbata batir ya wuce rabi. Idan babbar manhaja ce, ku cika shi, ko ku yi aikin waya tana kan caji.
2. Ku duba nauyin sabon zubi. Ana rubuta shi da Mo ko MB, wato mega. Giga ɗaya, da ake rubutawa Go ko GB, kimanin mega 1000 ce. Ƙaramar manhaja takan ci gomman mega. Babbar manhaja tana iya cin ɗaruruwa, ko fiye da giga.
3. Ku duba sauran megarku da ranar ƙarewar forfe. Ku bar rara a kan abin da aka nema.
4. Ku share bidiyon da ba ku bukata, ko ku mayar da su katin ajiya.
5. Ku zaɓi lokaci da wuri: da asuba ko da tsakar dare, a fili, a inuwa, kuna zaune wuri ɗaya.
6. Ku sabunta manhaja ɗaya-ɗaya. Kada ku danna maɓallin sabunta duka. Ku fara da wadda kuka fi bukata.

Idan rezo ya katse

Ku bi waɗannan matakai bi da bi. Idan ɗaya ya yi magani, ku tsaya nan.

1. Kada ku soke, kada ku goge manhajar. Ku jira minti biyar. Sau da yawa waya takan ci gaba daga inda ta tsaya idan rezo ya dawo. Wanda ya soke, daga farko zai sake, ya biya mega sau biyu.
2. Ku gwada wani abu. Ku aika gajeren saƙo ko ku buɗe wani shafi. Idan ya tafi, rezo lafiya lau, matsalar a waya take. Ku wuce mataki na 6.
3. Ku tambayi maƙwabci mai irin layinku. Idan nasa ma ba ya aiki, matsalar ta antena ce ko ta nesa. Ku dakata zuwa wani lokaci.
4. Ku kunna alamar jirgin sama, wato "Mode avion", ku ƙirga zuwa talatin, ku kashe ta. Wannan yana sa waya ta sake neman antena.
5. Ku sauya wuri ko layi. Ku fita fili, ku hau tudu, ko ku mayar da intanet kan ɗaya layin. Mazauna kusa da iyaka su shiga "Paramètres" su zaɓi rezon layinsu da hannu, su kashe yawon rezo da ake rubutawa "Itinérance".
6. Ku karanta abin da waya ta rubuta. Idan ta ce tana jiran Wi-Fi, to an umarce ta ne kada ta taɓa megarku. Ku shiga saitin Play Store ku ba ta izinin saukewa ta kowane rezo, ko ku nemi wurin da ke da Wi-Fi.
7. Ku gyara kwanan wata da agogo, ku bar su su riƙa daidaita kansu.
8. Ku kashe tsimin batir da tsimin mega har aiki ya ƙare, domin sukan tsayar da saukewa idan fuskar waya ta yi duhu.
9. Ku kashe waya ku kunna, muddin ba girkawa take yi ba.
10. Ku share tarkacen Play Store. A cikin saitin manhajoji, ku zaɓi Play Store, ku danna "Vider le cache". Wannan ba ya taɓa hotuna ko lambobinku.

Idan waya ta riga ta shiga girkawa, ta kashe kanta, wani zane yana juyawa a fuskarta, kada ku cire batir, kada ku danna komai, ko da ta ɗauki minti ashirin ko talatin. Sannu ba ta hana zuwa. Idan ta kwana a haka tana kan caji ba ta buɗe ba, sai a kai ta wurin mai gyara. Ku gaya masa kada ya wanke wayar sai da izininku, domin wankewa tana shafe duk abin da ke ciki.

Abubuwan da za a kiyaye

Idan saukewa ta gagara, mutane sukan karɓi manhaja daga wayar wani ta Xender ko Bluetooth, ko a rumfar caji. Wannan ba ya cin mega, amma ba ku san hannun da ta bi ba. Manhajar kuɗi dai kada a karɓe ta ta wannan hanya. A sauke ta daga Play Store kaɗai. Haka nan a guji jabun WhatsApp irin su GBWhatsApp, domin kamfanin yana iya rufe lambar mai amfani da su.

Idan saƙo ya zo yana cewa ku danna nan ku sabunta, ko wani ya kira yana neman lambar sirrinku ko lambar da aka aiko muku ta saƙo, wai zai sabunta muku layi, to ɗan damfara ne. Sabuntawa ta gaskiya ba ta neman lambar sirrin kuɗinku.

Ga malaman cibiya da wakilan ƙungiyoyi

Waɗanda ke cike takardun aiki a waya ko a allon hannu, da manhaja irin KoboCollect, su fara aika duk abin da suka tattara kafin su sabunta. Kada a sabunta na'urar aiki a daren da za a fita rangadi. A yi shi a gari, kwana biyu ko uku kafin tafiya, a gwada a gani.

A kwamfuta ma ƙa'idar ɗaya ce. Idan rezo ya katse ana saukewa, a sake ba da umarnin; galibi takan adana abin da ya riga ya sauka. Idan kuwa ta rubuta cewa kada a kashe ta, to girkawa take yi, a tabbata tana da wuta. Idan wayar hannu ce ke ba kwamfuta intanet, a sa wayar a caji, a ajiye ta kusa da taga, kada a yi kira da ita.

Yana da amfani ɗaliban aji su zana taswirar garinsu a allo, su sa alama a wuraren da kowane layi ya fi kamawa, da lokacin da ya fi sauri. Wanda zai je Tasawa ko Mayahi cin kasuwa yana iya tafiya da wayar maƙwabcin da ya amince masa, ya sabunta ta can da sassafe kafin kasuwa ta cika.

Ma'anar kalmomi

- Rezo: igiyar iska da ke haɗa waya da antena.
- Mega: ma'aunin abin da ake saukewa ko aikawa ta intanet.
- Forfe: adadin mega da aka saya na wani wa'adi.
- Saukewa: jawo abu daga intanet zuwa cikin waya.
- Girkawa: ɗora manhaja a waya har ta fara aiki.