Kalmar Hassada: Asalinta da Zamanta a Ƙasar Zamfara



Maƙasudin wannan lacca shi ne bin sawun kalma guda, wato hassada, domin mu ga inda ta fito, da yadda ta zauna a bakin mutanen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, da kuma aikin da muke sa ta a yau.

Bari mu fara da nesa. Turawan Ingila suna cewa envy, kalmar da suka aro daga envie ta Faransanci bayan Normandawa sun ci ƙasarsu a 1066. Faransanci kuwa ya gaje ta daga invidia ta Latin, wadda tushenta shi ne videre, wato gani. Ashe Rumawan dā a ido suka ajiye wannan cuta, suka ɗauke ta a matsayin mugun kallo.

Larabawa, waɗanda muka aro tamu daga wurinsu, suna cewa hasad. Ibn Manzur, wanda ya rasu a 1311, ya kawo a ƙamusunsa Lisanul Arab ra'ayin da ya danganta kalmar da hasdal, wato kaska, domin tana cin zuciya kamar yadda kaska ke huda fata ta sha jini. Duk makiyayin da ya taɓa ɓamɓare kaska daga jikin saniya zai gane wannan kwatanci. Malamansu sun kuma bambanta hasad, wato burin ni'ima ta gushe daga hannun mai ita, da gibɗa, wato son samun irinta ba tare da mai ita ya rasa ba.

Shi Bahaushe yana da nasa kalmomin na gado: ƙyashi, da baƙin ciki, da kambun baka, da kishi. A ciki da baki ya ajiye cutar. Kishi kuwa wuƙa ce mai kaifi biyu. Daga gare shi aka sami kishiya, da shi kuma ake yabon mutum a ce yana da kishin ƙasa ko kishin addini. Haka zelos ta Girkanci take, domin ita ta haifa wa Ingilishi kalmar kishin mata da ta himma duka biyu.

To, me ya sa mai wannan arziki ya yi aro? Joseph Greenberg, a nazarinsa na 1947, ya kasa kalmomin Larabci da ke cikin Hausa gida biyu: na farko da suka shigo ta bakin matafiya, galibi ɗauke da harafin lam kamar littafi da liman, da na baya da suka biyo ta karatu. A ganina hassada tana cikin kashi na biyu, domin babu wannan harafi a kanta. Hausa ta ninka mata baƙi, ta ƙara wasali, har ta haifi mahassadi da mahassada. Kalmomin gado suna siffanta abin da mutum ke ji, ita kuwa ta zo da hukunci, ta mai da abin zunubi.

A nan tarihin Zamfara ya shigo. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi a wannan ƙasa daga wajen 1786. Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri na 1812, ya nuna cewa wa'azin Shehu ya haɗa da cututtukan zuciya irin su girman kai da hassada, tafarkin da Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya shimfiɗa a Ihya'u. Alibawan Zurmi sun amsa wannan kira, daga cikinsu ne kuma Namoda ya fito, wanda ya kafa Ƙaura, aka kuma ci Alƙalawa da shi a 1808. Da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, cinikin gyaɗa da auduga da albashin En'e suka buɗe sababbin ƙofofin fifiko, kalmar ta bi mutane daga zauren malam zuwa kasuwa da ofis.

Jama'a, a ofis ɗin ne muka ɓata ma'anarta. Ma'aikaci zai cinye kuɗin asibiti ko na rijiyar ƙauye, da an tambaye shi sai ya ce aikin mahassada ne, ya ƙara da cewa hassada ga mai rabo taki ce. Amma ma'anar da malamai suka bayar ta raba gardama: sai mutum ya mallaki ni'ima ta halal kafin a yi masa hassada a kanta. Dukiyar jama'a amana ce, mai binciken kuɗin da ya nemi lissafi kuwa kishin ƙasa yake yi. Mahassadi na gaskiya shi ne wanda ya danne takardar ƙarin girman na ƙasa da shi don kada ya kamo shi, ko ɗalibin da ya ɓoye littafin laburare don kada abokinsa ya ci jarrabawa. Muddin ba mu raba waɗannan biyu ba, ɓarawo zai ci gaba da fakewa a bayan karin magana, mai gaskiya kuma ya yi shiru don gudun suna.

Allah Ya tsarkake zukatanmu.